Faransancin da Na Je Nema a Yamai

Faransancin farko da na fara ji a rayuwata daga bakin mahaifina ya fito, a gidanmu da ke Kakuri, kudu da kogin Kaduna. Kamar yadda mai karatu ya sani, a wannan unguwa ce kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a shekarar 1975, kusa da masaƙun da suka ja ma'aikata daga kowane lungu na ƙasar nan. A shekarun farko ta jirgin sama ake ɗauko sassan motar daga Liyon ta ƙasar Faransa a sauke a Kano, sa'an nan a kawo su Kaduna. Mahaifina ya daɗe yana aiki a ƙarƙashin Turawan da suka biyo kayan, amma duk abin da ya tsinta daga harshensu bai wuce kalmomi goma ba, kuma kusan dukkansu na umarni ne: yi sauri, yi hankali, tsaya. Da na sami gurbin karatu a jami'a, shi ya nace sai in ɗauki Faransanci, bai kuwa faɗi dalili ba.

Bisa al'ada, ɗalibin Faransanci yakan yi wani lokaci a inda ake magana da harshen dare da rana. A da, Faransa ake tura ɗalibai, ko Lome, ko Dakar. Amma tun da aka buɗe ƙauyen koyon Faransanci na Badagiri a 1991, galibinsu can suke tafiya. Mu dai Allah ya nufa muka tsallaka iyaka a 2018. Muka bi ta Sakkwato da Illela, muka shiga Birnin Ƙonni, muka wuce Dogondutsi da Doso, har Yamai. Jami'ar Abdu Mumuni tana hayin kogin Kwara, sai an haye gadar Kenedi ake shiga cikin gari, abin da ya riƙa tuna mini da gadar da mu mutanen Kakuri muke hayewa in za mu Kasuwar Barci.

To, a nan ne matsalar ta ɓullo, kuma ba wanda ya jawo ta sai ni. Manufar tafiyar ita ce a jefa mutum inda ba shi da mafita sai ya buɗe baki da Faransanci, ko da kuwa zai yi ta kwaɓa. Yamai ƙasar Zabarmawa ce, amma da wuya ka shiga kasuwar Katako ko ta Wadata ka rasa mai jin Hausa. Mai shayi Bahaushe ne, mai kilishi Bahaushe ne, direban tasi ma in ya ji ina lalube cikin Faransanci sai ya tausaya mini ya juya zuwa Hausa. Abokan tafiyata 'yan kudu, waɗanda ba su da wannan gata, cikin wata biyu bakinsu ya sake. Ni kuwa na zama tafintansu a kasuwa, ina ta jin daɗi, alhali a aji ni ne kurma. Ranar da aka ce kowa ya tashi ya yi bayani na minti biyar ba tare da duba takarda ba, ban kai minti ɗaya ba na tsaya cik. Malamar ba ta yi faɗa ba. Ta dai tambaye ni da wane harshe na sayi karin kumallona, na kasa amsawa.

Abin da ya cece ni, in har ceto ne, shi ne na fara sauraron Hausar da nake fakewa a cikinta. Ashe cike take da Faransanci. Yaro ya ce zai tafi lakwal, watau makaranta, ya gai da mushe, watau malami, ya ɗauki kaye da bik, watau littafin rubutu da alƙalami. Wata rana aka ce mini in tafi biro a buga mini hatimi, na tsaya ina mamakin yadda mutum zai shiga cikin abin rubutu, ashe ofis ake nufi. Yadda muka yi wa Ingilishi muka fitar da tebur da mota da asibiti, haka su ma suka lanƙwasa harshen nasu Turawan. Sai na sayi kaye, na shiga rubuta kowace kalma irin wannan tare da asalinta, ina bin sawunta har gida. Daga nan na ɗaura wa kaina doka cewa daga fitowar rana zuwa la'asar ba Hausa, ko da mai shayi zai yi mini dariya. Ya kuwa yi, har ya gaji ya koma gyara mini.

Littafin Faransanci na farko da na karance ba don jarrabawa ba shi ne wanda Abdullahi Mamani ya wallafa a 1980 a kan Sarauniyar Lugu, wadda ta yi tsayayya da rundunar Faransawa a 1899. Mun wuce ta yankin a mota ban san da labarin ba. Na je neman al'adun Faransa, sai ga shi harshensu ne ya fara sanar da ni wani yanki na tarihin Hausawa da ba a koya mana a Kaduna ba. Wannan ya sa ban yi mamaki ƙwarai ba sa'ad da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, ta bar Faransanci a matsayin harshen aiki.

Da na dawo Kakuri, bayan kwana biyu, Baba ya kira ni ɗakinsa bayan sallar isha'i. Ya buɗe akwatin ƙarfe ya zaro wata takarda da ta yi ja don tsufa, rubutun hannu layi huɗu. Ya ce wani Bature shugaban sashensu ne ya ba shi ita tun kafin a haife ni, ya ce ya kai ofis. A makon nan kuwa sun yi 'yar gardama a kan wani inji, saboda haka ya ɗauka ƙararsa aka rubuta, ya sa ta aljihu, bai kai ba, bai kuma yarda ya nuna wa kowa ba. Ba da jimawa ba Baturen ya koma ƙasarsu.

Rubutun ya ba ni wahala, sai da na karanta sau uku kafin in ɗaga kai. Baturen cewa ya yi wannan ma'aikaci yana da kunnen da ke gane ciwon inji tun kafin na'ura ta nuna, don haka yana roƙon a mai da shi sashen gwaji, a kuma sa sunansa cikin waɗanda za a tura horo a Faransa.

Na fassara masa kamar yadda yake, ban rage ba, ban ƙara ba. Ya yi shiru har na zaci bai ji ba. Can ya ce, “Sake karantawa da harshen nasu, in ji.” Na karanta a hankali. Ya karɓi takardar ya ninke ta bisa tsohuwar karyarta, ya mai da ita akwati, ya ce in ja masa ƙofa in na fita.