Awa 72 a Shagon Gem

In na tuna yawan yawun bakin da na ƙarar a kan gem guda ɗaya, sai in tsaya ina mamakin wancan saurayin. Na san shi da rama, da silifas ɗin da dunduniya ta cinye, da gaggawa a komai, a ci, a tafiya, a katse wa manya magana. Amma shi ɗin ne dai zai naɗe ƙafa a tabarmar kaba, ya ɗora kwamfuta 'yar gwanjo a kan adakar da ya gada daga kakarsa, ya zuba wa wata rufaffiyar ƙofa ido a allo har shayinsa ya huce, yana shawara da zuciyarsa ko ya leƙa ko ya buɗe. A gida ba a taɓa shaidarsa da wannan haƙurin ba.

Invisible, Inc. sunan gem ɗin. Klei ne suka yi shi, wani kamfani a birnin Bankuba na Kanada, mutanen da suka yi Mark of the Ninja da Don't Starve. Ya fito a watan Mayu na 2015, mu kuwa ya iso mana Samaru damina ta yi nisa, a hannun wani abokin karatu da ya ce ya gwada ya ga ba harbe-harbe, shi ba zai iya ba. Ɗakina a lokacin warin kananzir yake yi, da hayaƙin maganin sauro mai naɗi, da danshin bango, ga randa a bayan ƙofa da moɗar da ta lotsa. Batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, in aka ɗauke wuta allo ya yi ɗif, sai in kunna fitilar ƙwai in zauna ina zana ginin a bayan takardar lacca, ina ɗiga inda na baro kowane mai gadi, ina tsara abin da zan yi in an kawo. Wani lokaci sai asuba.

Labarin har yau ina iya kawo shi ba gargada. Shekara ta 2074, manyan kamfanoni sun yi watandar duniya, Sankaku da na'urorinsa masu sintiri, K&O da bindigoginsa masu harbi da kansu, sai Plastech da FTM. An afka wa wata ƙungiyar 'yan leƙen asiri, shugabarsu Central, dattijuwa mai furfura da kaifin harshe, ta sha da ƙyar tare da ma'aikata biyu da Incognita, ƙwaƙwalwar kwamfutar da ke makantar musu da kyamarori tana buɗe musu akwatunan kuɗi. Wutar da ta rage wa Incognita ta awa 72 ce. Cikin kwana ukun nan za ka yi ta keta duniya a jirgi, kowace tafiya da awoyin da take ci, kana kutsawa ofisoshin mutane kana kwasar kuɗi da kayan aiki, wani lokaci ka kuɓutar da wani naka da ke tsare, kafin shiga ta ƙarshe. Da Decker ake fara ba ka, mai doguwar kwat da hula mai baki da na'urar ɓacewa, sai Internationale, wadda ke zuƙo wuta daga nesa ba sai ta taɓa na'ura ba. Ita na fi so. Har sunanta na rubuta da alli a cikin murfin adakar nan.

Tsarinsa na dara ne, ka yi taka su yi tasu, ba mai tsere da wani. Kowane ma'aikaci da adadin takunsa, leƙen ƙofa taku guda, tsayawa ka karanci inda mai gadi zai nufa taku guda. In ka sumar da mai gadi ba ya daɗewa zai farfaɗo ya shiga nema, sai fa in wani naka ya tsaya a kansa ya danne shi, shi kuma wannan ya tashi daga aiki ke nan. Kisa da tsada, a aljihu da a ƙararrawa. Ita ƙararrawar nan ce ta hana ni barci. Ko an gan ka ko ba a gan ka ba, duk zagaye sai ta ƙara hawa, mataki shida gare ta, a wani matakin kyamarorin da ke barci su farka, a wani makullai su ƙara tauri, a wani a turo sababbin masu gadi. Ga ƙofar fita ka gano, ga kuma wani akwatin kuɗi can ƙuryar ɗaki ba ka buɗe ba, ginin kuwa ba na jiya ba ne, don duk shiga sabo ake zana maka, ba a haddace shi. Kwaɗayi ya ci mini mutane da yawa.

Majalisarmu a ƙofar wani shagon gem take, tsakanin mai shayi da mai faci. PlayStation 4 guda ce tal a shagon, sauran duk tsofaffi ne, an lulluɓe ta da wani ɗankwalin atamfa saboda ƙura, ba a yaye mata sai mai kuɗi ya zo buga ƙwallo. A nan, kan bencin da ƙafarsa ɗaya bulo ce, labari ya same mu cewa gem ɗina zai koma PS. A watan Afrilu na 2016 ya fito can da sunan Console Edition, an haɗa shi da ƙarin da ake kira Contingency Plan, wanda masu kwamfuta suka samu a Nuwamban 2015, daban, da kuɗinsa.

Musu ya kaure tun ɗayanmu bai gan shi a talabijin ba.

Ni na ce atafau ba zai yi ba. Gem ne na linzamin kwamfuta, na mutum ɗaya da ƙofa a rufe da sakata, kana nuna ɗan gurbin da kake so ka taka daidai wa daida, hannun PS kuwa na 'yan ƙwallo ne masu murza shi da ƙarfin tsiya, ga shi taku ɗaya na kuskure ya isa ya jefa ka idon mai gadi. Abokin karawata wani dogo ne mai gyaran waya, wanda kullum yatsunsa ke warin dalma.

"Mutumina," ya ce, "duk abin da ake yi da linzami aikin ofis ne. A kawo shi talabijin mu gani in gem ne."

"Ba za ka iya karanta rubutun daga benci ba."

"Sai in matso."

Akwai kuma ɗan ajinmu mai son lissafi, wanda ya tara kuɗin ƙarin nan da ƙyar, ya roƙi wani yayansa da ke karatu a waje ya saya masa. Shi abin da ke cinsa daban ne, wai wata shida ya yi yana jira, ga 'yan PS an ba su duka a haɗe. Dogon ya ce su ai wata goma sha ɗaya suka yi ba su da ko ɗaya, wa ya yi musu jaje?

Kan ƙarin nan muka fi kai ruwa rana, don na riga na taɓa shi a kwamfutar ɗan ajin namu. Ma'aikata huɗu aka ƙaro, Olivia da Derek da Rush da Draco. Derek na da wata 'yar na'ura da yake jefawa, in ta ƙure masa ya ɓace ya bayyana inda ta faɗi. Rush gudu ne sana'arta. Draco ba a saya masa ƙwarewa da kuɗi, sai dai ya tatsa daga masu gadin da aka kayar. Waɗannan ban ƙi su ba. Abin da ya tsaya mini a wuya ƙarin kwanakin ne: awa 72 ta cika, kana ɗaura ɗamarar shiga ta ƙarshe, sai wata matsala ta ɓullo, a tura ka wani gini na musamman, a ƙara maka wa'adi. Na ce an tsinka abin. Daɗinsa duka a ƙuncin yake, a ce kwana uku gare ka, kuɗinka ba su kai ba, mutanenka ba su ƙosa ba, kuma haka nan za ka shiga. In aka ƙara kwana sai ka yi ƙiba da kayan aiki, faɗuwar gaba ta ragu. Ɗan ajinmu ya ce zancen banza nake, masu gadin kwanakin ƙarshe sun fi na farko sulke da na'urori, duk wanda ya ce gabansa ya daina faɗuwa bai kai can ba. Wani kuma, da ƙarshen labarin ya bar shi baki buɗe, haushinsa an sa ƙarin kafin ƙarshe, shi so ya yi a faɗa masa abin da Incognita ta zama bayan ta sami mazaunin da ya sa ta fi ƙarfin masu ita. Har yau ina kan bakana game da kwana ukun. Sai dai yanzu ba zan iya tsayawa a bakin titi ina kare shi har mai shayi ya kife tukunya ba, wancan yaron kuwa ya iya, jijiyar wuya a tashe, cikinsa ba komai sai burodi da ruwan bunu. Da gem ɗin ya koma Nintendo Switch a 2020 a waya na ga labarin. Ba wanda ya kira wani.

Sai da hunturu ya shigo muka gan shi da idonmu. A Disamban 2016 aka sa shi cikin gem ɗin wata na masu biyan PlayStation Plus, ƙanen mai shago kuma yana da rajistar, aka kwana ana sauke shi da wani ɗan modem da ake ratayewa a taga da igiyar takalmi. Da rana ba mu da wuri, na 'yan ƙwallo ne. Sai bayan isha, yara sun watse, mai shago ya ja ƙofar ƙarfe rabi, janareto na tari a baya, warin fetur na cakuɗuwa da na ƙura da na man kaɗanyar da dogon ke shafa wa faso. Talabijin ɗin na da wani tabo a kusurwar dama ta sama, daidai inda ƙararrawa take, sai an karkata kai ake gane matakin da ta kai. Aka miƙo mini hannu, wai ni ne malam. Yatsuna suka yi ta laluben maɓalli, dogon na tuntsira dariya, shi kuwa da ya karɓa ko gezau, duk da bai san me ake nema a ginin ba.

A daren nan gem ɗin ya tashi daga na mutum ɗaya. Tunda ba mai tsere da kai, kowane taku sai an yi masa shawara, ɗaya na riƙe da hannu sauran na ba da umarni. Leƙa tukuna! Wuta nawa ta rage? Kar ka taɓa kyamarar nan, da aljani a cikinta, don wasu na'urorin akwai mugun shiri ɓoye a ciki, kana fasa su ya tashi ya kwashe maka wuta ko ya ƙara wa makullai tauri. Mai faci, da bai damu da Turancin da ke allon ba, launin ƙasa kawai yake bi, ja an gan ka, kuma sau da dama shi ke fara hango hanya. Akwai damar mayar da zagaye baya in an yi ɓarna, 'yar kaɗan ce, saboda haka muka kafa doka ba a taɓa ta sai kowa ya yarda. An yi gaba ta yini guda a kan wannan dokar.

Sai kuma Baba mai gadin layin. Buzu ne, da rawanin da shuninsa ya rina masa goshi, da takobi cikin kube, da 'yar butar shayi da ba ta sauka daga kan gawayi. Da farko daga bakin ƙofa yake tsayawa, sannu a hankali ya shigo har benci, muka kuma lura ba bayanmu yake ba.

"Samari, wannan mai zuwa ya dawo a layi ɗaya, wa ya ɗauke shi aiki?"

"Baba, haka aka tsara shi."

"To ba gadi yake ba, awon fili yake. Mai gadi zama yake inda ba a zato, ya bar ɓarawo ya yi ta yawo har ya kawo kansa."

Akwai kuwa irinsu a gem ɗin, waɗanda ba sa sintiri, suna tsaye wuri ɗaya sun kafa wa ƙofa ido. Wani dare, ƙararrawa ta kai mataki na huɗu, kowa na ihun a yi sauri, dogon ya tura Decker cikin wani ɗaki, sai ga irin wannan ya ɗaga bindiga. Taku ɗaya ake ba ka ka kauce, ba teburin fakewa kusa, na'urar ɓacewa ba ta huce ba, damar komawa baya mun riga mun cinye ta. Shago ya yi tsit, sai tarin janareto. Baba ya yi dariya har rawani na zamewa, ya ce wannan ɗan gidansu ne, a gaishe shi. Ya fita ya dawo da 'yan kofunan gilashi, ya ɗaga buta sama ya tsiyaya mana na farko, mai ɗacin nan da ke kama harshe, wai na ta'aziyya.

Mai shago ne kaɗai abin bai yi wa daɗi ba. Ƙwallo 'yan mintoci ce, a biya a tashi, wani ya zauna. Namu gini ɗaya sai ya ci awa, hannu ɗaya ke aiki, cikin shago na ihu, in aka tashi kowa ya ce ai shi shawara kawai ya bayar. Ya yi ta lissafi a bayan kwalin sabulu, ya soke ya sake, rannan dai ya rage ƙarar talabijin ya juyo.

"Malamai, ni ban gane wa wannan gem ɗin naku ba. Daga gobe kowa ya zo da kuɗin mai."

Muka koma karo-karo, ɗan ajinmu ne ma'aji, yana tarawa a gwangwanin madara da aka huda wa murfi. Baba aka yafe masa, bisa sharaɗin zai daina yi wa masu gadin addu'a. Bai daina ba.