Bulo da Katako a Toranke

Hutun nan na bar Kano, na bi ta Wudil da Gaya, na sauka gida Toranke da tsohuwar kwamfutata a jaka. A cikinta akwai wasan Half-Life 2, wanda kamfanin Valve na Amurka ya fitar a 2004, tun ba a haife ni ba. Mai wasan shi ne Gordon Freeman, masanin kimiyya da ke yaƙar mahara daga wata duniya.

A shagon mai janareta na biya kuɗin caji, batirin kuwa ba ya wuce awa ɗaya. Da la'asar, a inuwar darbejiya, yara suka kewaye ni. Can na maƙale: katanga ta yi tsawo, ga katako ɗore kan bututun siminti, ga bulo a warwatse. Na yi ta harbi, shiru. Caji saura ƙiris.

Sai ƙanena, ɗan aji biyu na babbar sakandare, ya ce, "Yaya, jera bulon a ƙarshen katakon, ɗaya ɓangaren zai ɗaga. An koya mana a darasin fizis."

Na jera, na haye, kwamfuta ta mutu. Washegari shi na miƙa wa ita, na koma ɗan kallo.