Karnukan bakin ruwa: Kura zuwa Bunkure

Daga Kumbotso, in kika hau titin Zariya kika wuce gadar Tamburawa, ko a tsakiyar bazara kore za ki fara gani dama da hagu. Ruwan madatsar Tiga ne, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974. Shi ke bin manyan hanyoyin ruwa na siminti, ya rarrabu cikin gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Shinkafa, alkama, albasa, masara, ga tumatir da ake lodi kwando-kwando a Kwanar Gafan zuwa Kudu. Kowa wannan yake zuwa kallo. Ni kuwa karnukan wurin ne suka ɗauke mini hankali.

Bukkokin gadi da yawa akwai kare kwance a gindinsu, irin namu na gida, siriri mai tsinin baki. Manomin rani yana da abin tsaro: injin ban-ruwa, buhunan taki, da amfanin da ya nuna yana jiran mota. Da wuya ka ji an ce sayen karen aka yi. Karya ce za ta haihu a ƙarƙashin kwalbati, ko mota ta buge ta a titi ta bar 'ya'ya, yara su tsinto su cikin kwali. A Turai da Amurka akwai gidajen da ake tara irin waɗannan dabbobi, mutum ya je ya cike takarda ya ɗauki ɗaya. A nan mai gona ne gidan. Shi zai cire wa ɗan kwikwiyo kaska, ya jiƙa masa ƙanzo, in sun yi masa yawa ya rarraba wa maƙwabta.

Malamanmu sun yi bayani cewa an halatta ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi ko gona, kuma kowa ya san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Don haka ban ga abin zargi ba ga wanda ya tsamo ɗan kwikwiyo daga ruwa. Jifan da yaranmu na birni ke yi musu shi ne abin kunya.

Amma uwargida, in maigida ko ɗanki ya shigo da irin wannan tsintuwa, tausayi kaɗai bai isa ba. Ciwon haukan kare yana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. A aikinmu na jinya babu ciwon da ke karya zuciya irinsa, don da zarar alamu sun bayyana, majinyaci ya fara firgita da ganin ruwa, kusan babu mai tashi. Kwikwiyon da ba a san uwarsa ba shi ma yana iya ɗauke da shi, kuma shi ne yara suka fi runguma.

Abin yi ba shi da wuya. Ya kai wata uku, a kai shi asibitin dabbobi, irin na Gwale a cikin birni, a yi masa allurar rigakafi, a karɓi katin, a kuma maimaita duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato tana yin wannan allura a ƙasar nan. A ba shi maganin tsutsa. Kwanonsa daban, makwancinsa a waje.

In kuwa ya ciji yaro, ko ya yakushe shi, ko ya lashi wani ciwo a jikinsa, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15. Ki duba agogon wayarki, minti 15 ya fi yadda kike zato tsawo. Kada a zuba toka ko barkono, kada a ɗaure. A wuce asibiti a ranar a fara allurai, ko da ciwon bai kai ƙwayar gero ba. Karen kuma a ɗaure shi a sa masa ido kwana 10, ma'aikatan lafiya za su so sanin halin da yake ciki. Yara kan ɓoye cizo don tsoron duka, sai ki gaya musu tun yanzu cewa wanda ya faɗa ba za a taɓa shi ba.

Tun da muna bakin ruwan, wankan da yara ke yi cikinsa ma yana kawo tsargiya. Wanda kika ga jini a fitsarinsa, a kai shi a gwada, maganinta ƙwaya ce.

Mai son ganin wurin ya zo da sanyin safiya cikin hunturu, lokacin da alkama ta yi kore shar, balbela na bin masu ban-ruwa. Karnukan a lokacin sun gama aikin dare, suna kwance kan kunya suna shan hantsi. A kalle su daga nesa, a riƙe hannun ƙananan yara.