Ranar da ƙauye ya watse saboda mu

1/ Jiya wani ya sa hoton 'yan Legas sun jera manyan mashina suna yawon shan iska, yana tambaya me ya hana mu 'yan Katsina yin irin haka. To mun taɓa yi, sau biyu ma. Zare ne, ku yi haƙuri da tsawonsa.

2/ Na farko a 2017 ne. Abokinmu zai yi aure a Sabuwa. Mu tara muka tashi daga Ƙanƙara bayan asuba da mashin shida. Muka bi ta Sheme, muka shiga Faskari muka ɗauki mutum biyu, sannan Funtua, Ɗandume, sai Sabuwa.

3/ Wallahi ranar duk ƙauyen da muka ratsa sai yara sun biyo mu da gudu suna ihun "ga 'yan biki!" Tayata ta yi faci, wani dattijo ya fito mana da fura a ƙwarya kafin mai faci ya gama. Sai bayan isha'i muka dawo gida, ba wanda gabansa ya faɗi.

4/ Kun san abin da ya biyo baya. Daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe yara sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A kan mashina aka zo. A 2021 gwamnatin Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana goyon mutum biyu, ta hana sayar da fetur a jarka. Har layin waya aka katse mana.

5/ Da kaka ta 2022 matar abokin nan ta haihu. Muka ce tunda an ɗan samu sauƙi, mu je suna yadda muka je aure. Hajiyarmu ta ce "ɗan nan ku hau mota." Na ce Hajiya da rana ne fa, kafin la'asar mun juyo. Ta yi shiru. Mashin biyar muka tafi.

6/ Mun wuce Ɗandume kenan, kusa da wani ƙauye, ana ɓarzar masara a bakin hanya. Suna jin ƙararmu kowa ya zubar da abin hannunsa. Mata da goyo suka faɗa gona. Wata yarinya mai tallar gyaɗa ta yi jifa da faranti ta zura da gudu.

7/ Ni har waiwayawa na yi in ga abin da ya biyo mu. Ba kowa. Ashe mu ake gudu.

8/ Kafin mu yi wani tunani 'yan sa-kai sun tare gaba da bindigogin toka. Muka kashe mashin, muka ɗaga hannu. Na fi minti goma ban san ko ina numfashi ba. Abin da ya cece mu, ɗaya daga cikinsu ya san mahaifin mai sunan.

9/ Wani dattijo ya zo ya dube mu ya ce, "Samari, ba ku da manya a gida?" Na ce Baba a yi haƙuri, suna za mu. Ya ce yanzu ko gawa za a raka ba a jera mashin biyar. Mu rabu bibbiyu, mu bar tazara, kuma kada la'asar ta same mu a hanya.

10/ Muka tsince gyaɗar yarinyar daga ƙasa, muka ba shi kuɗinta ya kai mata. Har muka tashi ba ta fito daga gonar ba. Shinkafar sunan nan ban iya cinta ba.

11/ Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Laifinmu ne da muka ɗauka hanyar 2017 tana nan tana jiranmu. Mashin ɗin da manomi ke kai taki gona da shi, a kai mai naƙuda asibiti, shi ne yanzu yaro ke jin ƙararsa ya nemi maɓoya.

12/ Don haka in za ku ɗaurin aure yankin nan, ku tambayi mutanen garin kafin ku tashi, ku sanar da zuwanku, kada ku jera. Boxer ɗina na nan, ni kaɗai nake hawa. Ku sa mutanen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa a addu'a. Allah Ya kawo mana ƙarshen abin nan.