Ranar da Tsohuwar Kwamfutata Ta Yi Shiru

Wata safiyar hunturu, ana saura kwana biyu in miƙa sakamakon jarrabawar ɗalibaina, na danna maɓallin tsohuwar kwamfutata ta tebur, ƙirar Pentium 4, amma ko gezau. Fanka ba ta juya ba, fitila ba ta kama ba. Gabana ya faɗi, domin makin yaran duk yana cikinta.

Har na yunƙura zan kai ta wurin mai gyara, sai na ga ya kamata in bi abin daki-daki. Na jona rediyo a soket, ta yi magana. Ashe akwai wuta. Na sauya waya, shiru. Daga nan na zare filogi, na buɗe murfi. Akwatin wutarta dai ban buɗe shi ba, domin yakan riƙe caji ko an zare filogi. Na cire babbar mahaɗarsa, na haɗa koriyar waya da baƙa da guntun ƙarfe, na mayar da filogi, sai fankarsa ta juya. Ke nan lafiyarsa lau.

Da na ƙara dubawa, sai na tarar siririyar wayar maɓallin kunnawa ce ta zame daga mazauninta. Ina mayar da komai, kwamfuta ta farka.

Tun ranar, idan yaro ya yi shiru a aji, ba na saurin kiransa daƙiƙi. Nakan fara bincikar ƙananan abubuwa: ya karya kumallo kuwa? Yana ganin allo daga inda yake zaune?