Mai Haɗa Na'urar Sanyi a Makka

A Makka da wuya ka ga mai neman na'urar ɗumama ɗaki, domin ko a watan Janairu garin ba ya yin sanyin kirki. Zafi ne abin tsoro. A lokacin aikin Hajjin 2024 ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, mutane fiye da 1,300 suka rasu. Shi Haramin yana da manyan tashoshin sanyaya iska a Ajyad da Shamiyya. Su kuwa talakawan Shari'a Mansur da Misfala, inda Hausawa suka daɗe da zama, sun dogara ne da ƙaramar na'ura wadda Larabawa ke kira mukayyif.

Haɗa irin wannan na'ura ita ce sana'ar wani dattijo, wanda kakansa ya zo daga Kano a ƙasa ta hanyar Sudan. Wata rana aka kira shi wani tsohon gida, inda wata tsohuwa mai ciwon zuciya ta kwana uku ba barci saboda zafi. Babu inda bututu zai bi sai wani ɗan saƙo tsakanin silin da rufin kankare, wanda ko tsuguno ba ya yiwuwa a cikinsa.

Ana idar da sallar Asuba ya shiga rub da ciki, tocila a baki. Kankaren bai huce ba tun jiya. A hankali yake lanƙwasa bututun tagulla, don in ya tauye gas ba zai wuce ba. Bututun ruwa kuwa sai da ya ba shi gangara, kada ruwan ya koma ya jiƙa silin. Gumi ya cika masa ido, ga shi ba halin ɗaga hannu ya share.

"Baba, ku fito haka nan, rana ta ɗaga," in ji yaronsa daga kan tsani.

"Saura ɗauri ɗaya, ɗana. Miƙo sifana."

Da ya fito bai kunna ba tukuna. Sai da ya sa famfo ya zuƙe iska da danshin da ke cikin bututun, sannan ya saki gas. Masu gaggawa sukan tsallake wannan, kuma ha'inci ne, domin danshin nan shi ke kashe injin daga baya.

Kafin Azahar tsohuwa ta yi barci. Dattijo ya zauna a matakalar waje yana shan ruwa, hannunsa na rawa. Akwai wani gidan da ke jiransa bayan La'asar.