Kushadasi, garin da ke cin abinci da baƙon yini ɗaya

A gaɓar bahar Eje, yammacin ƙasar Turkiya, kudu da birnin Izmir, akwai wani gari mai suna Kushadasi, wato "tsibirin tsuntsaye". Daga bakin ruwa ana hango tsibirin Samos na ƙasar Girka. Tun daga watan Afrilu har Oktoba, manyan jiragen ruwa na ƴan yawon buɗe ido suna tsayawa a tasharsa da sassafe, su sauke dubban mutane, kafin faɗuwar rana su kwashe abinsu su wuce. A cikin waɗannan ƴan sa'o'i ne mutanen gari ke neman abincin shekara.

Galibin baƙin ba don Kushadasi suka sauka ba. Manyan motoci na jiransu a bakin tasha, su kai su kufan Afisa, tafiyar kamar kilomita 20. Zamanin Rumawa, Afisa na cikin manyan biranen ciniki na duniya. Har yau ana ganin gaban ɗakin littattafan Selsus da aka gina a ƙarni na 2, da dandalin wasanni mai ɗaukar mutum wajen 25.000, da tituna shimfiɗe da farin dutse. A 2015 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya. Kusa da nan, a garin Selcuk, akwai masallacin Isa Bey na shekarar 1375, kuma a kan tsauni akwai gidan da ake dangantawa da Nana Maryamu, wanda Kirista da Musulmi ke ziyarta.

Abin da ya kashe Afisa shi ne laka. Kogin da ke ratsa kwarin ya yi ta zuba yashi da taɓo a tasharta har ta cike, teku ta ja baya da kilomita da dama. Da jirage suka daina zuwa, fatake suka watse, birni ya zama kufai. Ciniki ya koma sabuwar tasha, wadda ƴan kasuwar Italiya suka kira Skala Noba. Ita ce Kushadasi ta yau. A 1618 wazirin daular Usmaniyya, Okuz Mahammad Basha, ya gina masaukin fatake mai kaurin bango daf da tashar, yana nan tsaye har yanzu.

Bayan azahar baƙi kan dawo su ratsa kasuwa. Masu darduma da rigunan fata da zinariya na kiransu da harsuna iri-iri, ana miƙa musu shayi kyauta, ana ciniki da lira ko yuro ko dalar Amurka. Jagoran da ya kawo mai saye shago yana da la'adarsa. Kowa na sauri, domin da jirgi ya yi jiniya kasuwa ta tashi.

Amma arzikin da ke zuwa ta hanya ɗaya ba shi da tabbas. A 2016, bayan hare-hare da yunƙurin juyin mulki a Turkiya, kamfanonin jirage da yawa sun janye daga tashoshin ƙasar. A 2020 annobar korona ta tsayar da su ɗungurungum, shaguna suka zauna ba mai taya. Daga baya jiragen sun dawo, kasuwa ta sake cika. Sai dai duk ɗan kasuwar Kushadasi ya san kufan Afisa ba su da nisa da shagonsa.